A Wanke Kafireto Tun Ruwa Bai Sauka Ba

Bazara ta kama, manoma suna ta sharar gona da kai taki. A irin wannan lokaci ne a ke bukatar motar shiga daji fiye da kullum, domin ita za ta kai takin zamani da iri zuwa ƙauyukan da ke nesa da kwalta kafin ruwa ya yanke hanya. A lokacin nan ne kuma a kan ga motocin a tsaye a gefen hanya, an ɗaga bonet, direba da yaron mota sun sunkuya suna ta gumi. In an tambaye su abin da ya faru sai su ce kafireto ne. Galibi gaskiya su ke faɗi, amma ba su faɗe ta duka ba. Da wuya kafireto ya ɓaci don kansa. Dauɗar da ta toshe shi daga waje ta shigo, ko ta hanyar iska ko ta hanyar mai, kuma ta yi watanni tana taruwa mai mota bai kula ba.

Saboda haka ya kamata kowane manomi, ko ƙungiyar manoma, ko ofishin gona da ke da mota mai kafireto, su sa wa wankinsa rana kamar yadda a ke sa wa shuka da noman fari, sau biyu a shekara: bayan hunturu kafin ruwa ya sauka, da kuma ƙarshen damina kafin jigilar kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MOTAR DA AKA YI DON GONA

Motar da aka fi sani da wannan aiki ita ce Land Rover, kuma tun asali don manomi aka ƙera ta. Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin Rover na Ingila, yana da gona inda ya ke aiki da wata tsohuwar Jeep ta sojan Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan ya sami dabarar yin mota wadda za ta shiga gona ta kuma hau titi. An fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam cikin 1948. Cikin shekarun 1950 da 1960 ta zama motar rangadi a Arewa, ta En'e da malaman gona da malaman dabbobi. A 1958 aka fito da injin fetur mai lita biyu da kwata, wanda aka yi ta sa wa motar har cikin shekarun 1980. Na farkon suna da kafireto irin na Solex, daga wajen 1967 aka koma na Zenith.

Wani zai ce ai zamanin kafireto ya wuce. Hakika masu ƙera motoci sun bar shi tun wajen 1990, sun koma ga nozul mai fesa mai wanda kwamfuta ke sarrafawa, kuma injin gas tun can ba shi da kafireto. Amma ƙauye ba ya tafiya da sababbin motoci. Har yanzu tsofaffin Land Rover da Land Cruiser masu fetur da a-kori-kura ta Peugeot suna jigilar hatsi a hanyoyin kasuwannin ƙauye. Bayan wannan, yawancin baburan da a ke shiga gona da su, da ƙaramin injin ban ruwa na fadama, da ƙaramin janareta, duk da kafireto su ke aiki. Wanda ya fahimci na mota ya fahimci nasu, don hikimar ɗaya ce.

YADDA YA KE AIKI

Fetur ba ya cin wuta a cikin inji sai an gauraya shi da iska, kuma gaurayen yana da ma'auni. Bisa nauyi, kashi ɗaya na fetur yana bukatar kashi 14.7 na iska. Watau kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta fetur sai ya zuƙi iska wajen lita 9,000. Kafireto shi ne mai awon nan.

A cikinsa akwai maƙogwaro wanda ya tsuke a tsakiya. Sa'ad da iska ta zo matsatsin wurin sai ta ƙara gudu, kamar yadda ruwan rafi ya kan ƙara gudu inda gaɓa ta matse, gudun nan kuwa shi ke zuƙo fetur daga wani ɗan ƙoƙo da ke gefe. A cikin ƙoƙon akwai wani abu mai yawo a kan mai, makanikai suna kiransa fulot. In mai ya cika sai fulot ya taso ya tura wata allura ta rufe ƙofar mai, in ya ragu ya sauka ta buɗe. Daga ƙoƙon, mai yana bi ta waɗansu 'yan sukurori na tagulla masu huji a tsakiya, su a ke kira jet. Akwai babban jet na tafiya, akwai na sulo wanda ke riƙe inji sa'ad da mota ta ke tsaye, hujinsa bai fi kafar allura ba. Akwai kuma ɗan famfo mai tsarto mai in an taka totur farat ɗaya, da cok mai rage iska don tashin inji da sanyin safiya.

To, wanda ya san ƙanƙantar hujin nan ba zai yi mamaki ba in an ce ƙwayar rairayi ɗaya tana iya tsayar da mota mai ɗauke da buhu goma.

ABIN DA DAJI KE YI MASA

Motar gari da motar daji ba wahalarsu ɗaya ba. Ta farko ita ce ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi daga Hamada, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga kuma jar ƙurar hanyar burji wadda motar gaba ke tayarwa. In aka tuna yawan iskar da inji ke zuƙa, za a gane ko ƙura kaɗan ce a cikinta, a wata uku ta taru da yawa. Tsohuwar Land Rover tana da matatar iska mai kaskon baƙin mai a gindi, ƙura ta faɗa ciki ta nutse. Littafin motar kansa ya yi gargaɗi cewa a wuri mai ƙura a riƙa canza man nan a kai a kai, in ta kama ko kullum. Amma sau da yawa in an buɗe kaskon sai a tarar ya zama taɓo, ko ya bushe ƙaf, ko kuwa robar da ta haɗa shi da kafireto ta tsage an ɗaure da tsumma.

Ta biyu ita ce mai. A ƙauye ba kullum a ke samun gidan mai ba, sai a sayi na jarka da na kwalba, wanda ya kan zo da rairayi da tsatsar duro, wani lokaci har da ruwa ko kananzir. Ko na gidan mai ba a rasa tsautsayi: cikin Fabrairu 2022 hukuma ta bayyana cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, masu motoci da yawa suka koka. Har wa yau tankin da a ke bari rabi ya kan yi raɓa daga ciki da damina, ruwan ya kwanta a ƙasa domin ya fi fetur nauyi, ya ci ƙarfe ya yi tsatsa.

Ta uku ita ce zama. Mota ko injin ban ruwa da aka ajiye wata uku ko huɗu da mai a cikin ƙoƙo, man ya kan bushe ya bar wani danƙo ja-ja mai wari, ya liƙe jet da allura. Shi ya sa injunan fadama da yawa su ke ƙin tashi ranar da aka fito da su a farkon rani.

Ta huɗu ita ce gargada da hawa da gangara. Girgiza tana kwance notoci, tana cinye bakin allura. In kuma ma'aunin fulot bai yi daidai ba, mota ta kan yi lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da ta karkata a gaɓar rafi sai mai ya malale ya shaƙe inji, ko ya janye inji ya mutu, a daidai inda tsayawa ta fi hatsari.

A BINCIKA KAFIN A KWANCE

Ba kowace gardamar inji ce laifin kafireto ba, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da shi. Direba mai hankali ya fara duba wuta: filogi, da kwantak, da wayoyi, da lokacin wuta. Sa'an nan ya duba ko mai yana isowa. A jikin famfon mai na Land Rover akwai 'yar kwalba ta gilashi wadda ruwa da laka su ke kwantawa a ciki, ana ganinsu da ido. Da zafin bazara kuma fetur ya kan tafasa a cikin bututu mota ta mutu, in ta huce ta tashi, wannan ba dauɗa ba ce.

Filogi shi ne mashaidi mai gaskiya. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa, awo daidai ne. In ya yi baƙi da busasshen kunkunniya, salansa na fid da baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, inji na zafi yana tari ta kafireto, mai ya yi kaɗan ko iska na satar shiga ta wani wuri. In kuwa hayaƙin shuɗi ne, filogi ya jiƙe da maiƙo, wannan baƙin mai ne inji ke ci, maganar ringi ce, ko an wanke kafireto sau goma ba za ta daina ba.

Kada a raina ko ɗaya daga cikin biyun. Mai in ya yi yawa, ban da asarar kuɗi, yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na cikin inji, ringi su ci da wuri. In ya yi kaɗan kuma yana ƙone bawul.

YADDA A KE WANKE SHI

A zaɓi safiya, inji da sanyi, a inuwa inda iska ke wucewa amma ba ta ɗauke da ƙura. Ba taba, ba murhu, ba fitilar kananzir kusa. A cire wayar batir. A tanadi faranti mai tsabta, da farin ƙyalle marar zare-zare, da ɗan buroshi, da famfon taya, da sukudireba wanda bakinsa ya yi daidai da jet, da sababbin gaskit tun kafin a fara.

A wanke bayan kafireto tukuna, don kada dauɗar waje ta faɗa ciki. A cire robar iska, da bututun mai, da sandar totur, da wayar cok, da siririn bututun da ya tafi distiributa, sa'an nan notocin gindi. Da an ɗaga shi a toshe ramin da ya bari da ƙyalle mai tsabta, domin wasa ɗaya in ya faɗa ciki sai an buɗe kan inji. Mai waya ya ɗauki hoto a kowane mataki, marar ita ya jera kayan a faranti bi da bi yadda ya cire su.

In an buɗe murfi kada a yi hanzarin zubar da abin da ke cikin ƙoƙo. A dube shi da kyau, don shi zai faɗi inda cutar ta fito. Jar laka mai laushi ƙura ce ko man jarka. Ɓarɓashi mai kama da garin tsatsa daga tanki ya ke. Ɗigo-ɗigo masu birgima a ƙarƙashin fetur ruwa ne. Danƙo kuwa tsohon mai ne. Baƙin ɓarɓashi na roba yana nuna bututun mai ya fara ruɓewa daga ciki.

A ɗauki fulot a girgiza shi kusa da kunne. In an ji motsin mai a ciki ya huje, sai a canza. A dubi bakin allura, in girgiza ta yi masa zobe har farce yana jin gurbin, ba za ta ƙara rufe mai sosai ba. Tsayin fulot yana da ma'auni nasa ga kowane irin kafireto, a bi na littafi, a auna da rula, kada a lanƙwasa da ka.

A kwance jet ɗaya ɗaya, a jiƙa su cikin fetur mai tsabta ko maganin wankin kafireto da a ke sayarwa a gwangwani, a hura su da famfon taya, a ɗaga su sama a leƙa. In haske ya fito a zagaye sumul, ya wanku. A hura dukan 'yan hanyoyin da ke jikin kafireton, a kau da fuska don kada maganin ya fantsama a ido. Kafin a cire sukurun sulo a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ya taɓa, a rubuta adadin, don a mayar da shi inda ya ke. In tsininsa ya lanƙwashe ko ya yi gurbi, wani ya taɓa ɗaure shi da ƙarfi, sai sabo.

Saura abu biyu da a kan manta. A kama sandar da ke juya faifan totur a girgiza ta. In tana kwar-kwar a cikin gurbinta, iska na shiga ta nan, sulo ba zai taɓa zama daidai ba sai an gyara gurbin. Sa'an nan a ɗora rula a kan fuskar murfi da ta gindi a ga ko sun bankare. Na Zenith ya yi suna da wannan, kuma yawan ɗaure sukurori da zafin inji ke kawo shi. Jikin kafireto ƙarfe ne mai taushi, ba ya son ƙarfin damtse.

A mayar da kome da sababbin gaskit, a ɗaure sukurori kaɗan kaɗan ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. A cire ƙyallen nan da aka toshe rami da shi. A ta da inji a duba yoyo, a bar shi ya yi zafi, sa'an nan a daidaita sulo. Aikin ba ya ƙarewa a nan: a wanke kaskon matatar iska a zuba sabon baƙin mai daidai alama, a wanke kwalbar famfo, a canza matatar mai, in an ga tsatsa a sauke tanki a ɗauraye. Wanda ya wanke kafireto ya bar waɗannan, kafin sati biyu zai sake kwancewa.

DABARUN DA YA KAMATA A BARI

Akwai waɗansu al'adu da suka zama jiki a bakin hanya, waɗanda ke ta da mota yau su kashe ta gobe. Babbarsu ita ce tsokaci jet da waya ko allurar ɗinki. Tagulla tana da taushi, waya tana ƙara faɗin hujin ko da ido bai gani ba, daga ranar mota ta shiga shan mai ke nan har a canza jet ɗin. Lambar da aka buga a jikin kowane jet ita ce girman hujinsa, masu ƙira sun auna ta da gangan. In dauɗa ta ƙi fita da iska, a ƙara jiƙawa, ko a sa gashin buroshi mai taushi.

Ta biyu, tsotsar bututu ko jet da baki. Fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana kawo ciwo mai tsanani. Ta uku, tsiyaya fetur a maƙogwaron kafireto wani yana murza makulli. Inji in ya yi tari sai wuta ta fito ta nan, ta kama hannun mai tsiyayawa da galan ɗin da ke hannunsa. Haka kuma ɗaura jarka a kan rufin mota a jawo tiyo zuwa kafireto don famfo ya mutu. In larura ta sa an yi don a fita daga daji, kada a mai da shi hanyar zama, balle mota mai ɗauke da mutane da buhunan auduga. Ta ƙarshe, cire matatar iska wai don mota ta ƙara numfashi. Ƙurar da ta wuce kafireto cikin silinda za ta, ta goge ringi kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Masu hawa tudu su lura da abu guda. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, tsaunin Mambila ya fi haka. Iskar can ba ta da kauri kamar ta Kano ko Sakkwato, don haka motar da aka daidaita a ƙasa ta kan rage ƙarfi ta ɗan yi baƙin hayaƙi in ta hau. Wannan ba toshewa ba ce. Mai wucewa ya bar ta yadda ta ke, wadda za ta zauna can ita a ke daidaita wa.

AIKIN WA NE?

Waɗansu za su ce wannan aikin makaniki ne, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Akwai gaskiya a ciki. Gyaran gurbin sandar totur, da daidaita fuskar da ta bankare, da sa lokacin wuta, a kai su ga gwani a biya shi hakkinsa. Amma makaniki yana gari, mota kuwa a daji ta ke mutuwa, mil talatin ko arba'in daga gareji. Tace mai da mazurari da ƙyalle mai kyau kafin a zuba a tanki, da duba kaskon iska, da zubar da ruwan kwalbar famfo, da hura jet, ba su fi ƙarfin mutumin da ya iya kwance injin feshi ya mayar ba. Mai mota da ya san waɗannan, ko ya kai gareji ya san abin da zai ce a yi, ya kuma gane in an yi.

Waɗansu kuma za su ce abin da ke aiki a bar shi. Ba a ce a riƙa kwance kafireto kowane mako ba, yawan kwancewa ma yana cinye zaren sukurori. Sau biyu a shekara ya isa, in dai ana tsare iska da mai a tsakani. Injin da za a ajiye kuwa, a rufe mai a bar shi ya shanye na cikin ƙoƙo har ya mutu, ko a tsiyaye ta sukurun gindi in yana da shi.

Abin da ya fi kyau ga ƙungiyoyin manoma shi ne su ajiye ɗan littafi a cikin mota, a rubuta ranar da aka wanke kafireto, da abin da aka tarar a ƙoƙo, da yawan man da aka zuba da nisan da aka yi. Da littafin nan za a ga ranar da mota ta fara shan mai tun kafin aljihu ya ji. Malaman gona kuma, da su ke koya wa manoma awon taki da haɗin maganin feshi, ya kamata su ƙara da wannan, ko da a kan injin ban ruwa ne, tun da yanzu rabin aikin fadama a kansa ya rataya.

Kuɗin gaskit da allura da matatar mai kaɗan ne in an gwada da abin da a ke asara. Takin da bai iso ba sai bayan dawa ta wuce lokacinsa, amfaninsa ya ragu. Kwandunan tumatir da suka kwana biyu a rana a bakin rafi sun tashi daga kaya sun koma juji. A ƙauyuka da yawa kuma motar nan da ke ɗaukar buhu ita ce ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Saura 'yan makonni ruwa ya sauka, kuma wuni ɗaya ya isa a gama aikin nan duka. Allah ya ba da damina mai albarka.